Ranar da Muka Gyara Hujjarmu

Ni a ganina, tarihin ɗan Adam gaba ɗayansa tarihin tsallake rafi ne. Duk daular da ta kafu, wani ne ya samu yadda zai ƙetare ruwa da kayansa a bushe, duk wadda ta rushe kuma, in aka bincika, kwalbatinta ne ya fara rushewa. Na faɗi wannan ne don ku san ba ƙaramin abu ya kai mu Birnin Kebbi ba. Har gobe ban manta da ranar da 'yan majalisa suka zo duba namu kwalbatin ba.

A shekarun farko na dawowar mulkin farar hula ne. Na bar allin koyarwa, na zama sakataren haɗakar ƙungiyoyin kasuwa na ƙasar Zuru: masu hatsi, masu shanu, direbobi da 'yan kabu-kabu. Aikin sakatare shi ne ya saurari mutane masu magana lokaci guda, ya rubuta cewa sun amince.

Ga waɗanda ba su san kamun ƙafa a majalisa ba, ga yadda yake. Kafin a rufe kasafin kuɗi, kuna kai buƙatarku gaban kwamitin da abin ya shafa. In kun kai buƙatu da yawa, za a yaba wa kishinku a sallame ku. In guda kuka kai, mai yiwuwa kwamiti ya zo ziyarar gani da ido, ya rubuta rahoto, rahoton nan kuwa shi ke sa aiki cikin kasafi ko ya bar shi a waje. Saboda haka muka sha faɗa a tsakaninmu, masu shanu na son kara, direbobi na son tasha, har muka tsaya a kan abu ɗaya: kwalbatin da ya karye a hanyar da motocin hatsi ke bi daga kasuwar Bena zuwa Zuru.

Wadda ta tsayar da mu ita ce Mama Rifkatu, shugabar mata masu hatsi. Mijinta soja ne, ya tafi aikin kiyaye zaman lafiya bai dawo ba, da cinikin dawa take riƙe da gida. Damina biyu a jere motarta na kwanciya cikin rafin nan. Ta ce in ba a gyara ba kafin ruwa ya sauka, ta bar sana'ar.

Ni da ita aka tura. Mun yi ta zaman benci a bakin ofishin kwamitin ayyuka har masinja ya fara gaishe mu da suna. Da muka samu shiga, ni na yi bayani da tsari, Mama ta yi da hawaye, nata ya fi ci. Shugaban kwamitin, dattijo ne mai natsuwa, ya ce, "To Mama, mun ji. Amma mu ba mu rubuta abin da ba mu gani ba. Za mu taho mu gani."

Na aika gida da albishir ta bakin direba, na ce a shirya tarbar baƙi, mu za mu zauna mu rako su. Shirin tarba kuwa a hannun mataimakin shugabanmu yake, Saje Bawa mai ritaya. A Zuru ba sai ka nemi tsohon soja ba, in ka jefa hula sama kan ɗaya za ta sauka. Shi kuma soja, in ka ce masa manya za su zo dubawa, abu ɗaya ya sani a rayuwarsa.

Ranar ziyara muka taso a motar shugaban kwamiti. Mama na ta shirya masa zuciya. "Ranka ya daɗe, in mun kusa sai ka tuɓe takalmi. Ramin nan ya haɗiye jaki da mangalarsa." Dattijo ya naɗe hannun riga.

Muka sha kwana, sai ga duwatsu jere a gefen hanya, dama da hagu, an shafe su da farar ƙasa. Inda ramin yake an cike shi da marmara, an daɓe, an yayyafa ruwa. Karyayyen kwalbatin an tallafe shi da gumagumai an binne. Motarmu ta wuce a kansa ko kofin shayi ba zai zube ba. A ƙetare ga tsofaffin sojoji a layi, ƙirji waje, lambobi na ƙyalli, bayansu mutanen ƙauyukan da suka yi gayya, Saje Bawa a gaba. Ya buga ƙafa, ya sara.

Shugaban kwamiti ya fito ya dubi gabas ya dubi yamma. "Malam sakatare, ina wurin da ya lalace?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kansa kake tsaye."

"Wagga hanya? Ai ta fi ta ƙofar gidana."

Mama ba ta bi ta kansa ba, Saje ta nufa. "Bawa, ina ramina?"

"Mun rufe shi, Mama."

"Wa ya aike ka?"

"Ticha ya ce manya za su zo dubawa. Sai su same mu da ƙazanta? Motar baƙo ta maƙale a ƙasarmu, a tafi ana cewa mutanen Zuru ba su da horo?"

"Maƙalewar muka je nema, Bawa! Maƙalewar!"

Saje ya juyo gare ni da fuskar wanda aka zalunta. "Ticha, shekarun da na yi a bariki ban taɓa jin an kira manya su zo ganin rami ba."

Na yi ƙoƙarin ceto abin da ya saura. Na roƙi a ba mu diga mu tona, kwamiti ya ga ɓarnar da idonsa. Dattijon ya saurare ni da ladabi, ya ce in ya tsaya aka farfasa lafiyayyar hanya a gabansa, bai san mi zai rubuta ba. Ya yi jawabi mai kyau a kan taimakon kai da kai, ya ce zai ba sauran yankuna labarinmu su yi koyi. Sojoji suka yi tafi. Aka ci tuwo. Mama ta koma mota ta ƙi fitowa.

Rahoto ya fita yana cewa an samu hanyar cikin kyakkyawan yanayi, kuma gaskiya ya faɗa. Aka rufe kasafi babu mu.

Abin da na koya, wanda nake so ku matasa ku riƙe, shi ne kamun ƙafa sana'ar nuna ciwo ce, mutanenmu kuwa an raine su a kan ɓoye shi. Kafin ka shawo kan ɗan majalisa, fara shawo kan naka su bar abu a lalace na mako guda. Wannan ya fi wuya.

Ruwan farko na daminar nan ya tafi da marmarar da gumaguman cikin yini ɗaya. Mama Rifkatu ta sayar da buhunanta, ta koma soya ƙosai a bakin tasha. Hanyar dai ita kaɗai ce a ƙasar Zuru da na san ta samu yabon majalisa. Mota ba ta bin ta.