Lambun Kawu Mai Ciyawa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ranka, Kawu. Daga gare Shi muke, gare Shi kuma muka mayar da kai.

Shekara shida ke nan da ka yi ritaya daga koyarwa, ka sa filin da ke tsakiyar gidajenmu a gaba. Ciyawar ado da aka dasa a can ta daɗe da ƙonewa, sai leda da fasassun kwalabe. Ka kwashe su da hannunka, ka riƙa zuwa bayan gari kana tsinto irin gamba da sabara da ɗoɗɗoya. Muka yi ta dariya, muka laƙaba maka Kawu Mai Ciyawa. Amsarka kullum ɗaya ce: “Ku bar su, 'yan gida ne, ba sa roƙon ruwa.” Da ƙudan zuma suka dawo, da matan unguwa suka fara tsinkar ganyen shayi, ba wanda ya ba ka haƙuri. Har ni.

Sau uku ka tsaya a gaban mai injin yankan ciyawa, da sandarka da ciwon gwiwarka, ka mayar da shi.

Kawu, ban san da wane baki zan faɗa maka ba. Muna maƙabarta, shugaban unguwa ya aika aka kira mai injin, wai a share wurin da masu ta'aziyya za su zauna. Muka dawo muka tarar da fili fayau, an jera kujeru. Na tambayi shugaban unguwar dalili, ya ce, “Haba ɗan'uwa, a bar baƙin Kawu cikin daji?” Kuma wallahi da zuciya ɗaya ya yi, don ya girmama ka. Kwana uku muna zaune a kan aikinka muna yabonka. Takaici ya hana ni cin abinci.

Jiya 'yarka ta kawo mini kwalaben irinka guda tara. Ko ɗaya ba ka rubuta wa suna ba, haba Kawu! Zan shuka su haka nan, in zauna gadi.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna da 'ya'yanka da jikokinka, Allah ya ba su haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, mu ma ya yafe mana. Ya ba ka lambu a Aljanna, inda babu mai shiga da inji.