Inna Habsu da tabkin da ya riga ta mutuwa

Inna Habsu ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina tsaye bakin ƙofar aji a nan Illela, yara suna shara, sai ga kiran ɗanta Sani. Netuwok yana yankewa, abin da na ji kawai "Inna" da "asuba". Sai da ya sake kira na gane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa.

Da yawanku ba ku san ta ba. Ba ta da waya, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta foto ba. Ita ce matar da ta karɓe ni lokacin da aka fara tura ni aikin koyarwa, daga Damagaram zuwa wani ƙauye bayan Dogarawa. Lakwal ɗin, wato makarantar, ba ta da ɗakin malamai, ban san kowa ba, ina ta kuka cikin mota. Mai gari ya ce a kai ni gidan Habsu. Ta share mini ɗakin 'yarta da ta yi aure, ta shimfiɗa mini tabarmarta sabuwa. Gaban mutane Madam take ce mini, cikin gida kuwa ɗiyata.

Ranar da na fara girki na wanke shinkafa na watsar da ruwan a tsakar gida. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tashi ta ɗauko ƙwarya ta ajiye gefena, ta ce:

"Ɗiyata, ruwan da kinka wanke shinkahwa da shi bai mutu ba. Akuya na jiran shi."

Haka gidan yake. A kan kwano ake alwala, ruwan ya tafi gindin zogale. Ruwan ɗauraya shi ake fara wankin gaba da shi, in ya yi baƙi a yayyafa tsakar gida a kwantar da ƙura. Randar sha kullum a rufe, moɗa guda rataye, ba mai tsoma hannu. Da farko na ɗauka tsananin rowa ce.

Sai zazzaɓi ya kayar da ni a daminar farko. Matar da ba ta zubar da ɗigo, ita ta ƙarar da tulu guda a jikina, tana jiƙa zane tana shafa mini, har zafin ya sauka. Ta dama mini kunu, ta zauna sai da na shanye. Ba ta bari an gaya wa mahaifiyata ba sai da na miƙe, ta ce kada a tayar mata da hankali daga nesa.

Akwai tabki a gabas da garin. Mijinta marigayi masunci ne, a nan ya yi rayuwarsa. Lokacin da na zo ruwan yana da sauran kyau. Ana kama tarwaɗa da karfasa, bado yana fure, Fulani suna shayar da shanu da hantsi, mata suna wanki a gefe guda, ana ɗibar na aiki a wani gefen. Da yamma mukan je mu zauna, tana nuna mini inda ruwa yake kaiwa zamanin da tana yarinya.

A gaban idona ya lalace.

Garkunan albasa, wato lambuna, suka kewaye shi. Ba laifi ba ne, da su ake ci. Amma duk wanda ya gama feshi a bakin ruwan yake wanke pampon feshinsa, ya jefa kwalbar maganin nan wurin. 'Yan kabu-kabu masu haya da babur suka mai da shi wurin wankin moto, baƙin mai yana yawo a sama. Ruwan sama na farko kuma ya kwaso duk ledar kasuwa da bolar gari ya juye ciki.

Wata safiya aka tashi kifi ya taso, ciki sama, fari fat a bakin ruwa. Mutane suka fito da bokiti suna kwasa. Inna ta fita ko takalmi babu, tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana roƙo kada su kai wa iyalinsu. Wasu suka zubar. Wasu suka ce Allah ne ya kawo rabo.

Daga nan ta wuce ƙofar mai gari, inda mata ba su cika tsayawa ba. Ta yi magana, aka ce ta yi gaskiya, za a zauna. Bayan wani lokaci wasu ma'aikata suka zo da mota, suka kafa allon ƙarfe mai cewa an hana, suka ɗauki foto suka tafi. Allon yana nan, a kansa masu wankin moto suke shanya tsumma.

Abin da ya fi ci mata rai, Sani ma yana cikin masu feshin. Na ji su da kunnena suna cacar baki. Ta ɓoye masa pampo, ya ce in ba magani tsutsa za ta cinye albasar, in ba albasa sai ya tafi bida, neman kuɗi a wata ƙasa, kamar 'yan'uwansa, ya bar ta ita kaɗai. Ta san bai yi ƙarya ba. Washegari ta ɗauki hauya da kanta ta haƙa masa rami nesa da ruwan, ta ce nan zai riƙa ɗauraya. Ya bi maganarta. Amma shi kaɗai ne ya bi.

Bayan an mai da ni Illela nakan leƙa ta in an samu hutu. Haɗuwarmu ta ƙarshe cikin zafin nan ne, na je Malbaza wani aiki na biya ta wurinta. Na iske ta rame. Pampon garin mai aiki da hasken rana ya lalace, ana ta jiran mai gyara. Mai hali yana aikawa Dogarawa a ciko masa bido, wato jarkar ruwa, ko ya sayi fiya-wata. Sauran mata sun koma tabki.

Ta ce in raka ta. Tun kafin mu isa wari ya tare mu. Ruwan ya ja baya, ya yi kore, ya yi kauri. Ba bado, ba tsuntsu. Mata suna ture kumfa da ƙwarya suna ɗiba, suna tacewa da kallabi. Muka tsaya muna kallonsu. Can ta ce:

"Da ruwan tabkin ga anka yi min wankan amarci. Yanzu jaki ma sai ya shinshina ya ɗaga kai."

Na ce mata ta zo mu tafi Illela ta zauna wurina har a gyara pampo. Ta yi dariya, ta ce wa zai ba akuyoyi dusa. Da za ta sallame ni a bakin hanya ta riƙe hannuna ta ce:

"Madam, ki riƙa gaya ma yaran lakwal yadda ya ke da. Kada su tashi su aza haka Allah ya yi shi."

Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Yau Sani yake gaya mini abin da ban sani ba. Duk bidon da ya ciko mata, rabi ko fiye tana miƙa shi ta kan danga ga maƙwabciyarsu Zali, mai jego ce, mijinta yana bida. Ita kuma ta tace na tabki, ta jefa alif ya kwantar da dauɗa, ta tafasa in da itace. In babu ta sha haka nan. Ya yi faɗa, ta ce cikin tsohuwa ya saba, na jariri bai saba ba.

Amai da gudawa suka kama ta shekaranjiya. Aka ɗora ta a amalanke aka kai ta gidan likita, aka sa mata ƙarin ruwa. Jikin bai karɓa ba.

Ni ba likita ba ce, ba zan ce ga abin da ya kashe ta ba. Kwana ya ƙare, kuma shekaru sun ja. Amma na san abin da take sha.

Sani yana kuka a waya yana cewa shi ma da hannunsa a ciki. Na ce ya yi haƙuri, ta yafe masa tun tana da rai.

Ba zan ce ku tashi a gyara tabki ba. An faɗa, an sake faɗa, ita ta faɗa har muryarta ta dishe. Gobe da safe za a wanke moto a wurin, za a wanke pampon feshi, mata za su ɗiba su kai wa yara. Wallahi yau ban ga ta inda abin zai gyaru ba. Mutum guda ce take jin zafinsa kamar ɗan da ta haifa, ita ma an rufe ta.

An makara wajen jana'izar. Matan da za su yi mata wanka suka ce ba za su taɓa ta da ruwan tabki ba, kuma babu wani ruwan a gidan. Sai da Sani ya hau moto ya je Dogarawa ya ciko bido, mutane suna zaune a ƙofar gida suna jira har hantsi ya ɗaga.

Ya Allah, ga baiwarka Habsu ta zo gare ka. Ta shayar da baƙo, ta shayar da mai jego, ta shayar da dabba. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka shayar da ita daga Alkausara shan da babu ƙishi bayansa. Ka sanyaya zuciyar Sani da 'yan'uwansa. Ka dubi matan garin nan da yaransu da idon rahama, don ba su da kowa sai kai.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san ta ba, don Allah ya tsaya ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya sa ta cikin addu'arsa ta bayan salla. Allah ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.