Tsoho Mai Fitila

Ranar Asabar da ta wuce maƙwabciyata a nan unguwar Kanvili ta ɗora man kaɗe a wuta, iska ta tsallako min da ƙamshinsa ta kan katanga. Wanki nake yi, amma sai na ga na tsaya da riga a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata. A wurina wannan ƙamshin ɗakin Kaka ne a gidanmu na unguwar Zogbeli: gadon ƙarfe, buzu a rataye, ruwan sama yana dukan kwano, da hasken talabijin yana rawa a jikin bango.

Kaka shi ya haifi babanmu. Fataucin shanu ya yi duk rayuwarsa. Tun yana saurayi yake koro su daga arewa zuwa Kumasi, da fari a ƙasa, daga baya a mota. Murya gare shi kamar ganga. In yana ciniki a ƙofar gida zai fara da Hausa, ya juya Dagbanci, ya ƙarasa da Twi, kuma duk layin sai an san farashin bijimin. Ana cikin zafin bazara, wata rana bayan la'asar, ya faɗi a bakin masallaci. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace.

Likita ya ce maganar za ta iya dawowa in ya riƙa gwadawa. Ya gwada sau ɗaya, gaban masu zuwa dubiya. Kalmomin suka fito a cakuɗe, wani ƙaramin yaro da uwarsa ta zo da shi ya ƙyalƙyale da dariya. Babu wanda ya tsawata masa, ai yaro ne. Amma daga ranar Kaka ya rufe bakinsa. Ya juya fuska bango. Mma, wato mahaifiyarmu, takan ɗumama man kaɗe ta murza masa hannun da ƙafar safe da yamma, tana yi masa hira shi kuwa ko motsi. Kokon da ake kai masa rabi yake dawowa. Na sha ganin Baba ya fito daga ɗakin ya tsaya a tsakar gida yana duban ƙasa.

Da ruwan farko ya sauka sai ga Kawu, ƙanen Mma, wanda yake sayar da gwanjon kayan lantarki a Kumasi. Ya zo wa Yayana da tsohon akwatin gem, irin wasan nan da ake haɗawa da talabijin, da hannun sarrafa shi guda ɗaya mai doguwar waya, da faifai ɗaya. Matsalar ita ce talabijin ɗaya ce a gidan, kuma a ɗakin Kaka take, don shi mai son labarai ne kafin ciwon. Baba ya ce sam, ba za a dami mara lafiya ba. Mma ta ce, "Bar su su shiga. Shirun ɗakin nan ya fi hayaniyarsu ciwo." Aka ba mu tsakanin dawowa daga makarantar allo da kiran magariba, da sharaɗin a rage murya.

Gem ɗin duk da rubutun Japan yake, ba wanda ya iya karanta ko harafi. Don haka mu muka raɗa wa mutanen ciki suna. Matafiya ne su huɗu. Akwai Mai Takobi, saurayi da gashi a tsaye kamar zankon zakara. Akwai 'Yar Baka, wadda kibiyarta take kama wuta in ta sake ta. Akwai Ƙato, mai guduma da ta fi turmin Mma girma. Sai wani tsoho mai doron baya, da sanda a hannu ɗaya da fitila a ɗayan, muka kira shi Mai Fitila. Suna ratsa daji mai shuɗɗan itatuwa, suna faɗa da kuraye masu ƙaho, kuma can nesa a sararin sama akwai wani birni a rataye, wanda muka gane nan suka dosa. Uku kawai ake iya fita da su a tafiya ɗaya. Kullum Yaya yakan bar tsohon a masauki, don tafiyarsa kamar ta hawainiya ce, dukan sandarsa kuma ko ƙuda ba ya kashewa.

Ni 'yar kallo ce. Ba a ba ni hannun gem sai in an aiki Yaya sayen gawayi. Amma ɗan kallo yana ganin abin da mai wasa ba ya gani. Duk lokacin da hoton ya yi duhu kafin a shiga sabon wuri, gilashin talabijin yakan zama madubi, in hango gadon da ke bayanmu. Kwanakin farko bayan Kaka nake gani. Daga baya na fara ganin kafaɗarsa ta ɗan juyo. Wata rana na ga idanunsa biyu tar a kan allon. Ban waiwaya ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Na ji a jikina in na waiwaya zai koma bango.

Sai muka iso bakin wani babban kogi. A cikinsa akwai kada mai fukafukai, kansa kaɗai ya cika rabin talabijin. Da an taka ruwan sai ya taso, ya make Ƙato da jela, ya haɗiye 'Yar Baka, Mai Takobi ya rage shi kaɗai yana sara har ya faɗi. Muka yi ta mutuwa a wannan mashigi har masara ta yi bunƙasa a bayan gida. Yaya ya fara jifa da hannun gem a kan tabarma.

Wani yammaci ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Yaya ya sake zaɓar mutanensa uku zai fita daga masauki. Sai muka ji an buga ƙarfen gado. Muka juya. Kaka ne, da hannun hagu.

"A'a," ya ce.

Ya daɗe yana kokawa da leɓensa. Yawu ya gangaro ta gefen bakinsa. Na dubi Yaya ina roƙon Allah kada ya yi dariya. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai kamar yadda muke yi in babba yana magana.

"Tso... ho. Ba a... barin... tsoho."

Yaya ya ce, "To, Kaka." Ya ajiye Ƙato ya ɗauki Mai Fitila. Aka kama hanya, tsohon yana jan ƙafa a baya, aka shiga ruwa. Kada ya taso. Kafin ka ce me, ya fara da tsohon, ya haɗiye shi, fitila da sanda da komai.

Wani sauti ya fito daga gadon da na ɗauka shaƙewa ce. Dariya Kaka yake yi, da rabin baki, ƙirjinsa yana girgiza. Mma ta shigo a guje daga kicin da muciya a hannu, tuwon zafi yana ɗiga daga jikinta. Ta tsaya a bakin ƙofa ruwa yana dukan bayanta, ta dube shi, ta dube mu, ta juya ta koma kicin. Ranar tuwon ya yi gudaji, ba wanda ya yi ƙorafi.

Daga baya muka gano amfanin tsohon. In ya ɗaga fitilarsa sai ta haska inda ruwan ba zurfi, kuma in ɗaya ya faɗi yakan iya tashinsa. Da haka muka kashe kadan nan muka haye. Kaka ya ɗaga yatsa yana faɗin wani abu da muka ɗauki lokaci kafin mu gane: yana ba mu labarin yadda suke haye kogin Volta da garke, a sa tsohuwar saniya a gaba, sauran su bi ta.

Tun daga nan ya zama mai fassara mana. Tunda ba mu jin abin da mutanen ciki suke faɗa, shi yake gaya mana. In Mai Takobi da 'Yar Baka suka tsaya suna magana, rubutun Japan yana gudu a ƙasa, sai ya ce, "Ƙanwarsa ne. Yana masa faɗa... bai ci abinci ba." Haka Hausarsa take, irin ta zango, mace da namiji duk "shi" ne. Ba kullum yake dacewa ba. Akwai wani sarki mai farin gemu da Kaka ya yaba, ya ce mutumin kirki ne, a karɓi aikinsa. Sarkin nan ya rikiɗa ya zama maciji ya kusa gamawa da mu. Kaka ya ji haushi ƙwarai, har washegari yana tsaki in ya tuna.

A asibiti an ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Amma wata rana ya miƙo hannun hagu ya ce a ba shi hannun gem. Yaya ya ba shi. Babban yatsansa yana iya tura 'yar sandar da ke tafiyar da mutumin cikin gem, sai dai maɓallan duka da na ɗaga fitila a dama suke. Ya dube ni ya ce, "Zo." Na hau gadon na zauna a gefensa na dama, na ɗora masa abin a kan mataccen tafinsa, shi yana tafiyar da Mai Fitila, ni ina danna masa. Hannunsa yana da santsin mai, da sanyi. Haka muka yi sauran daminar. In an ɗauke wuta, kuma ana yawan ɗaukewa, sai mu zauna a duhun ɗakin yana gaya mana abin da za mu tarar a gaba. Wata rana ina dannawa na ji ɗan yatsansa na dama ya motsa a ƙarƙashin nawa. Ya ji, na ji, muka ci gaba da tafiya.

Da lokacin kaka ya yi, doya sabuwa ta cika kasuwa, muka kai ƙofar birnin sama. Matafiyan suka hau wata doguwar gada, kiɗa ya canja, ƙofar ta fara buɗewa, Mai Fitila ya juyo yana duban sauran. Nan hoton ya daskare. Yaya ya kashe ya kunna, muka sake hawa gadar, ya sake daskarewa a daidai wurin. Da muka duba bayan faifan sai ga wani zane mai zurfi. Muka goge da audugar Mma, muka shafa man goge baki kamar yadda wani abokin Yaya ya ce ana yi. A banza. Aka aika wa Kawu, ya ce ya zagaya Kumasi bai ga irinsa ba.

Yaya ya yi kuka a bayan gida. Ni ba gem ɗin ne ya dame ni ba. Tsoro nake ji in shiga ɗakin in tarar da bayan Kaka.

Washegari na leƙa, na same shi a zaune bakin gado, ƙafafunsa a ƙasa, an sa masa hula. Ya ce in kira Yaya. Da muka zauna ya ce, "Na san... abin da yana ciki. Ku zauna."

Ya fara ba mu ƙarshen labarin. A hankali yake tafiya, kalma tana maƙalewa ya jira ta, mu ma mu jira. Yaran maƙwabta suka ji, suka fara zuwa, har ɗakin ya kasa ɗaukarmu. Shi da kansa ya ce a fitar da shi gindin darbejiyar ƙofar gida. Baba ya riƙe shi ta dama, sanda ta hagu, ya taka tsakar gidan da bai taka ba tun bazara. Masu wucewa a keke suna tsayawa su gaishe shi da Dagbanci, yana amsa musu "Naa" da bakinsa karkatacce, ba ya ɓoye shi.

A labarin Kaka, tsohon ya zauna a bakin ƙofar birni da fitilarsa a ɗage don yaran su gane hanyar fita. Suka shiga suka tarar da sarkin aljanu. Kaka ya so a yi sulhu, Yaya ya ce ina, sai an yi faɗa, sai ya ƙara mana faɗa har na yamma biyu. A ƙarshe duk suka fito lafiya, suka goya tsohon suka sauko. Ƙato ya auri wata mai koko da ƙosai. Mai Fitila kuwa ya koma garinsu, ya sayi shanu.

Kaka ya ƙara shekaru bayan wannan. Hannun bai dawo duka ba, amma ya koma masallaci da ƙafarsa, kuma ya koma yi wa mahauta faɗa a kan nama.

Yanzu gaban gidan Zogbeli shaguna ne, kekunan haya masu ƙafa uku da ake kira yalo-yalo suna jeruwa a inda muke shimfiɗa tabarma. 'Ya'yana ma suna yin gem, irin wannan mai takubba da dodanni, hotonsa ya fi namu kyau nesa ba kusa ba. Sai dai kowa da wayarsa, kowa da abin jinsa a kunne, kuma suna karanta duk abin da mutanen ciki suke faɗa. Ba su buƙatar kowa ya zauna a bayansu ya fassara musu. Ban ce laifi ba ne. Kawai nakan tsaya a bakin ƙofa in ga ɗakin shiru.

Babbar 'yata ce ta nemo min gem ɗinmu a waya bara, bayan na kwatanta mata mutanen. Wani ya yi shi daga farko har ƙarshe ya ɗora bidiyon a intanet, da fassarar Turanci. Na tura har zuwa gadar. Ƙofa ta buɗe, tsohon ya juyo ya dubi sauran, hoton bai daskare ba. Ya miƙa wa saurayin fitilar, ya shiga gaba shi kaɗai, wuta ta cinye shi don su wuce. Kuma 'Yar Baka ba ƙanwar Mai Takobi ba ce, budurwarsa ce.

Na kira Yaya, yana shagonsa, ina jin ƙarar babura a bayansa. Na gaya masa duka.

"Waɗannan ba su san labarin ba," ya ce. "Tsohon shanu ya saya."