Rumfar Tumatirin Baba

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka kawo mini Baba daga ƙauye, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Lokacin ina aikin jinya a asibitin koyarwa, muna zaune ni da maigidana a Gyaɗi-Gyaɗi, a wani gida mai ɗan fili ta baya inda muke shanya. Likitoci suka yi nasu suka sallame shi, suka ce saura gashi da motsa jiki. To, a nan gizo ke saƙar, domin Baba ya ƙi motsawa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da girmansa a lambu a bakin rafi, sai ga shi kullum a kan tabarma a baranda, rediyo a kunne, yana jin 'yan siyasa suna zuba alkawura. In na ce ya tashi mu ɗan taka, sai ya ce, "Uwata, mu taka zuwa ina?" Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Wata rana na dawo daga kasuwar Tarauni da cefane. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗauki tumatir guda, ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ce an tsinke shi bai nuna ba. Daga nan sai baki ya buɗe. Ya yi ta bayani, irin wanda rabon da in ji tun kafin ciwon, har ya ce da damina ta sauka wannan ɗin ma zai gagara, don tumatir da ruwan sama ba sa ga maciji. Na ce masa ai muna makaranta an taɓa kai mu wata gonar gwaji, na ga an yi wa tumatir ɗaki na leda, ruwa na zuba a waje shi kuwa yana ciki lafiya lau.

"Ɗaki? Tumatir ɗin?" in ji Baba. Ya yi dariya har sai da na goge masa baki. Amma da la'asar ya ce in riƙe shi ya je ya ga ƙasar filin nan namu.

Maigidana ne ya samo rumfar farko. Zaɓe ya wuce, masu ba da hayar rumfunan taro sun rasa yadda za su yi da waɗanda suka tara lokacin yaƙin neman zaɓe, sai ya karɓo guda. Doguwa ce, ƙafafunta sirara, da sauran launin jam'iyya a gezarta. Muka cire tamfol muka sa leda. Baba ya yayyafa iri a tsofaffin baho, yana zaune a kujera yana nuna mana inda za mu dasa. Da dashen ya kama, har rediyon ya fara mantawa da shi a ɗaki.

Iskar farkon damina ta zo ina wurin aiki. Da na dawo sai na tarar babu rumfa. Tana gidan maƙwabtanmu, ƙafafu a sama, ta tsinke musu igiyar shanya ta kuma firgita awakinsu. Dashen duk ya kwanta cikin laka. Na ce a raina shi ke nan, Baba zai koma tabarma. Na same shi a baranda fuska a murtuke, ashe fushi yake yi.

"Gobe ki nemo mota," ya ce. "Wannan karon ni zan zaɓa."

Washegari muka ɗauki shatar tasi. Mai walda na farko, a bakin titin gidan zu, ya nuna mana wata mai kusurwa huɗu, an shafa mata koren fenti sai sheƙi take. Baba ya ce a matsa da shi kusa. Ya kama ƙafa ɗaya ya jijjiga, rumfar duka ta ɗauki ƙara.

"Malam," ya ce, "ni mai hannu ɗaya na sa ta rawa, ina ga iska?"

A Darmanawa wani kafinta ya ce zai yi mana ta katako mai kauri. Baba ya so ta, amma na tuna masa yadda gara ta cinye mana ƙyauren kicin, ya gyaɗa kai muka wuce. Rana ta yi zafi, na ga ya gaji, na ce mu koma gida. Sai direban ya ce akwai wani a Tarauni mai yi wa manyan motoci ƙarafen da ake ɗaura tamfol a kai, ko za mu leƙa.

Mutumin bai taɓa yin rumfar shuka ba, kuma bai ɓoye mana ba. Ya jawo benci muka zauna. Na zana masa a ƙasa abin da na tuna, rufi mai lanƙwasa kamar baka. Baba ya ce kada ta yi tsawo, ta tsaya daidai kan mutum, kuma siririn gefenta ya kalli gabas, don daga can hadari ke tasowa. Mai walda ya ce to sai dai bututun ruwa mai kauri, a gicciya wasu ƙarafa tsakanin ƙafafun, a binne gindinsu cikin kankare, sannan a ɗaure ledar da igiyoyi ta sama yadda ake ɗaure kayan mota mai zuwa Legas. Ni kuma na ce a bar gefe da gefe da raga irin ta taga, iska ta riƙa ratsawa, kada zafi ya dafa shukar.

Akwai wani bakan ƙarfe da ya riga ya haɗa wa wata mota, yana kafe a gefenmu. Baba ya kama ya jijjiga, ko gezau. Ya sake kamawa da ƙarfi, ya ja, sai kawai na ga mahaifina a tsaye. Babu wanda ya tallafe shi. Na toshe bakina da mayafi.

"Wannan ce," in ji Baba. Mai walda ya juyo gare ni. "Sista, ba ki ji ba?" in ji mai walda yana dariya. "Baba ya yanke hukunci."

Aka kafa ta a makon da aka rantsar da gwamnatin farar hula. Gari na ta hidima, mu muna kwaɓa siminti. Muka sake dashe. Kullum da safe Baba yakan bi ƙarafen nan ɗaya bayan ɗaya yana dafawa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana duba ganye. Atisayen da na yi ta roƙonsa ya yi ya ƙi, ga shi yana yi ba tare da kowa ya ce masa uffan ba.

Babbar iskar ta zo wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Gabas ta yi baƙi ƙirin, aka ɗauke wuta, tsuntsaye suka yi tsit. Sai ta taso. Muna baranda mu uku muka ga kwanon rufin wani gida yana tafiya a sama, reshen darbejiyar ƙofar gidanmu ya karye ya faɗo. Ledar rumfar ta kumbura har na rufe ido, igiyoyin suka riƙe ta, ta koma ta lafa, ta sake kumbura. Maigidana yana ta salati. Baba ya damƙe hannuna har na ji zafi.

Da ruwa ya tsagaita, ya saki hannuna ya ɗauki sandarsa. Na yunƙura zan bi shi, maigidana ya riƙe ni. Shi kaɗai ya ratsa lakar nan, yana jan ƙafar hagu, ya sunkuya ya shiga. Jim kaɗan ya leƙo.

"Uwata! Ko ganye ɗaya bai faɗi ba!"

Maƙwabciyarmu, wadda ta hau turmi tana leƙe ta kan katanga don ta ga ko wata rumfar na nan tafe, ta rangaɗa guɗa. Ni ma ban san lokacin da na taya ta ba.

A tsakiyar marka tumatirin ya nuna, jawur, manya-manya. Ana cikin haka ƙanen Baba ya zo daga ƙauye dubiya, da ƙullin maganin gargajiya, yana zaton zai tarar da shi a kwance. Na nuna masa hanyar baya. Ya tsaya a bakin rumfar baki buɗe, yana kallon yayansa yana ɗaure reshe a jikin kara.

"Yaya, tumatir? A damina?"

"A damina," in ji Baba. "Ɗauko kwandon can ka cika. In ka sauka a tasha ka bi ta cikin kasuwa da shi, kuma kada ka rufe."