Hindu da Gwangwanayen Na Allah

A El Alasan Mairairai aka haifi Hindu, a gidan masu sayar da tukwane. Uwarta ba ta ginin tukunya, sarowa take yi ta kai kasuwa, don haka tun Hindu tana ƙarama aka koya mata ta ƙwanƙwasa tulu da yatsa ta saurara. Mai lafiya ƙararsa daban, mai tsagar da ido ba ya gani ƙararsa daban. Da ta isa aure ta auri Gajere, wani manomi dogo sambal wanda sunan yarinta ya bi shi ya ƙi saki. Suka haifi 'ya'ya uku. Suna da gona biyu, da awaki, da jaki guda.

Daminar alif ɗari tara da tamanin da huɗu hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, daga nan ya ƙone a tsaye. Awaki suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin sanyi ya shiga Gajere ya bi 'yan ci-rani zuwa kudu, ita kuma Hindu ta kwashi yara ta koma Mayahi wurin ƙanwar uwarta, Iya Gambo, wata tsohuwa mai yawan ba'a da ke zaune ita kaɗai a bayan tasha. Nan Hindu ta kama dakau da wanke-wanke a gidajen ma'aikata. Ba a ƙoshi, amma ba a kwana da ciki wayam.

Kusa da gidan Iya Gambo akwai butik ɗin Na Allah. Shi wannan mutum ya daɗe yana karen mota a hanyar Maraɗi, ya san bayan kowane sito. Da ya gaji da hawan kamyo, babbar motar kaya, sai ya buɗe shago, ya riƙa saro abin da manyan 'yan kasuwa suka ƙi: kwanon sha da fentinsa ya ɓare, fitilar ƙwai babu ƙwan, sabulun da ya karye biyu, guntayen atamfa, madubi mai tabo a gefe. Ya tara su tuli-tuli a kan tabarmi, ga tarin dala biyar, ga na dala goma, ya rubuta da alli a bango. Ba a ciniki da shi. Aikin mai saye shi ne ya durƙusa ya tona.

Hindu ta ƙaunaci wurin nan tun zuwanta na farko. Takan ce a shekarar da kowa yake miƙa hannu a ba shi, akwai daɗi mutum ya sami inda zai nuna abu da yatsa ya ce wannan nake so. Ran da aka sallame ta daga dakau takan biya, ta yi awa guda tana juya kaya, wani lokaci allura da zare kawai take fita da su, amma fuskarta a sake.

Ana tsakiyar sanyi Na Allah ya dawo daga Maraɗi da kwalaye cike da gwangwanaye tsirara, babu takarda ko ɗaya a jikinsu. Ruwan da ya ƙi zuwa Mayahi ashe can hanyar Kwatano ya sauka a kan wata kamyo mai yagaggen tamfol, ya jiƙa kayan har takardun suka saɓule. Mai kayan ya rasa yadda zai yi, ya sayar da su a banza. Na Allah ya juye su cikin wani ƙaton daro a bakin ƙofa, ya ce kowanne dala goma, abin da ka buɗe ka gani rabonka ne. Na kifi kowa ya san su da faɗi, suka ƙare ranar farko. Sauran kuwa duk kamarsu ɗaya. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke neman madarar shayi ya sayi uku a jere, duka ukun tumatir, ya tafi yana rantsuwa ba zai sake ba.

Hindu ta zo ta durƙusa gaban daron. A gidajen da take aiki ta sha riƙe irin waɗannan gwangwanaye da takardunsu, hannunta bai manta ba. Ta ɗauki ɗaya ta kai kunne ta karkata shi a hankali. Madara mai kauri takan gangaro sannu kamar zuma. Tumatir ba ya motsi, sai nauyi. Koren wake kuwa ƙocal-ƙocal yake cikin ruwansa. Waɗanda suka kumbura ta ware su gefe, ta ce wa Na Allah ya binne su, kada ya sayar wa ɗan kowa. Sannan ta biya ɗaya ta tafi gida.

Da aka huda shi da wuƙa sai ga madara fara tas. Ta tsiyaya cikin kunun yara, aka yi shiru a tsakar gida, ba ka jin komai sai ƙarar ludayi. Iya Gambo ta lakaci ɗan abin da ya rage ta lashe, ta ce rabonta da zaƙi irin wannan tun bikinta na fari, kuma ko shi ma mijin ne ya ɓata shi.

Kwana biyu labari ya zaga unguwa. Mata suka riƙa tsayawa a inuwar butik suna jiran Hindu ta taso daga aiki ta zaɓar musu. Malamin lakwal ma ya karya rantsuwarsa. Da fari Na Allah ya yi ƙorafi, ya ce abin da Hindu ta ajiye babu mai ɗauka. Da ya ga wanda ya zo kallo ba ya tafiya sai ya sayi ko cokali, ya daina magana, har ya ajiye mata kujera 'yar tsugune kusa da daron. Wanda ya ji daɗin zaɓinta yakan ce ta ɗauki ɗaya nata.

Wata ranar kasuwa da hantsi motar soja ta tsaya a ƙofar butik. Zamanin mulkin soja ne, kuma a shekarar ba abin da ake tsoro kamar a ce an kama ka da kayan agaji. Wani ya kai tsegumi wai Na Allah yana ɓare takardun kayan agaji yana sayarwa. Wani ajidan, babban sojojin da ke cikin motar, ya sauko da mutum biyu a bayansa, masu saye suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Hindu dai gwangwani na hannunta, ta rasa inda za ta ajiye shi, sai ta zauna yadda take.

Na Allah ya shiga ciki, ya fito da takardar da mai kayan ya ba shi a Maraɗi, mai hatimi da bayanin yadda ruwa ya ɓata su. Ajidan ya karanta har sau biyu, ya duba gindin gwangwanayen, ya naɗe takardar ya miƙa masa. Magana ta ƙare ke nan, amma bai tafi ba. Ya tambayi Na Allah yadda mutane suke sanin abin da suke saye. Na Allah ya nuna Hindu da baki.

Ajidan ya zaɓi huɗu da kansa ya jera a gabanta.

"Baiwar Allah, gaya mini abin da ke ciki."

Ta ɗauka ɗaya-ɗaya. Ta ce madara, ta ce tumatir, ta ce tumatir kuma. Ya sa wani soja ya huda su, duk aka samu haka. Mutanen da suka gudu suka fara matsowa. Na huɗun ya fi sauran girma. Ta karkata shi, ta sake karkatawa, ta daɗe.

"Ranka shi daɗe, wanga ban san shi ba. Akwai ruwa, akwai wani abu yana iyo a ciki, amma ban taɓa jin irinsa ba."

Aka buɗe, sai ga wasu ƙawanyu rawaya masu huda a tsakiya cikin ruwa mai danƙo. Ajidan ya fashe da dariya, ya ce abarba ce, ya ci ta a kudu. Ya soko ɗaya da tsinin wuƙa ya miƙa wa Hindu. Ta ɗanɗana, ta runtse ido don tsami da zaƙi, sannan ta ƙulle ragowar a gefen zane ta ce yara za ta kai wa. Ya ce ta cinye abinta, ya tura mata gwangwanin gaba ɗaya. Ya biya kuɗin huɗun, ya kuma sa ta zaɓar masa madara biyar ya kai wa iyalinsa. Bayan motar ta tashi Na Allah ya zauna a ƙasa daɓas, ya ce a ba shi ruwa.

Gwangwanayen suka ƙare kafin bazara. Hindu ba ta yar da ko fanko ɗaya ba. Ta kai wa wani maƙeri ya mayar da su 'yan fitilu da ma'aunin mai, ta sayar ranar kasuwa, ta haɗa da abin da ta tara na dakau ta sayi irin hatsi da na wake ta ɓoye a tulu. Da Gajere ya dawo, a rame amma lafiya lau, ya tarar da iri yana jiransa. Ya tsaya yana kallon tulun, sai ya fita waje wai zai duba jakin maƙwabta.

Suka koma gida, kuma daminar ta yi kyau. Tun daga nan Hindu ta zama 'yar aiken ƙauyensu. Duk wadda za ta aurar da ɗiya takan ƙulla abin da take da shi ta ba ta, ita kuma ta hau amalanke zuwa Mayahi, wani lokaci har Tasawa, ta wuni tana tonon tarin kaya, ta dawo da kayan ɗaki da ba wanda zai ce na araha ne. Ta aurar da 'ya'yanta uku haka, ta aurar da na mutane da ita kanta ba ta san adadinsu ba.

Yanzu ta tsufa, gwiwa ba ta barinta durƙuso, sai dai a ɗauko mata kaya tana zaune ta duba. Gajere yana nan, ya ranƙwafa kaɗan. Idan baƙi suka zo yakan nuna musu ɗakinta ya ce shekara da shekaru yana cikin gidan nan bai taɓa ganin kwano da murfinsa sun zo launi ɗaya ba. Hindu takan ce masa, "Malam, ka taɓa buɗe ɗaya ka tarar babu tuwo?" Shi kuma sai ya ce a'a, ya jawo kwanon gabansa ya yi bisimilla.