Nauyin Ratri

Ratri tana da shekara goma sha shida aka fara ɗora ta a kan babur ɗin tsere, kuma ba don ta fi kowa iya tuƙi ba. Rashin nauyinta aka gani. A garejin Pak Hendro da ke garin Sragen ana haɗa baburan tseren miƙe, wanda ake yi a titi ɗoɗar, ba kwana, a gama cikin 'yan daƙiƙu. A wannan tseren ana fafe babur har ya koma ƙashi zalla, sannan a nemo ɗan ƙaramin mutum a ɗora. Ratri 'yar mai facin taya ce a bakin kasuwa, siririya, ba ta tsoron murɗa totur. Shi ke nan aka ɗauke ta.

Shekara bakwai ta yi tana cin kofuna da yunwa a cikinta. Duk mahayan tseren miƙe haka suke: ana saura kwana biyu gasa a bar cin shinkafa, ruwa sai kurɓi, da safe a sa rigar ruwa ta leda a yi ta gudu don a zubar da gumi. Mahaifiyarta, Bu Sumi, mai soya tempe, wainar waken soya, a ƙofar gida, takan tsaya mata a ka da faranti.

"Nduk, 'yata, wannan azumin naki na Allah ne ko na babur?"

"Na duka biyun ne, Bu."

"To shi Allah ya ce a ci abinci da magariba. Babur ɗin bai ce ba?"

Da ta kai ashirin da uku, Ratri ta gane an kusa gama da ita. Kowace shekara sai an kawo wata yarinya da ta fi ta rashin nauyi. Tseren miƙe ba ya kai mutum ko'ina. Tseren zagaye, mai kwana da birki da gogayyar kafaɗa, shi ne ke da matakai, daga lardi zuwa gasar ƙasa. Ta jera tsofaffin tayoyin mahaifinta a filin shanyar shinkafa, ta koyi kwantar da babur a kwana har gwiwoyinta suka yi kanta. Tana koyo tana roƙon Pak Hendro.

Daga ƙarshe ya gaji da roƙon. Babur ɗaya tak yake da shi na tseren zagaye.

"Akwai gasa a Wonogiri, cikin maza," ya ce. "Ki shigo cikin ukun farko, babur naki ne har ƙarshen baɗi. Idan ba ki shigo ba, akwai wani mahayi daga Madiun da ke jira. Kada ki zo mini da kuka."

A tseren zagaye ƙa'ida ta juya. Akwai nauyin da babur da mahayi, a haɗe, ba za su gaza ba, kuma bayan an gama ake auna waɗanda suka zo gaba. Mara nauyi sai a ɗaure masa dalma a ƙarƙashin sirdi. Bakaniken garejin, Mas Bowo, ya ɗora Ratri a sikeli mako guda kafin gasar, washegarin bikin 'yar kawunta, inda aka yi kwanaki ana ɗura mata shinkafa da kaza.

"Kai, Mbak, biki ya karɓe ki! Ko ke aka aurar?" Mbak shi ne kiran da ake wa 'yan mata a can.

"Auna ka yi shiru, Mas."

Ya auna, ya yanka dalma daidai gibin, ya ƙara ɗan kaɗan a kai. Pak Hendro ya hana a ƙara fiye da haka.

A makon nan barci ya ƙaurace mata. Da tsoro ya yi yawa, sai jikinta ya koma ga abin da ya sani: ta ture shinkafa, ta rage ruwa, ta ɗauko rigar leda. Ba ta zauna ta yanke shawara ba, kamar yadda ba a shawara kafin a ɗaure hular kwano. Kuma babu wanda ya tanka, don duk garejin 'yan tseren miƙe ne. Ganin mahayi ba ya cin abinci kafin gasa a wurinsu kamar jin warin fetur ne. Mas Bowo har yaba mata ya yi, ya ce ta fi samarin da'a.

An shata hanyar tseren a filin wata tsohuwar tashar mota, da tayoyi da buhunan yashi. Rana ta take, kwalta tana huci. A layin tashi, wani mahayi ya ɗaga gilashin hularsa.

"Mbak, kin ɓata hanya ne? 'Yan mata masu riƙe wa mahaya lema suna can baya."

"Na bar wa budurwarka, ta yi maka inuwa idan ka faɗi."

Tashi kam sana'arta ce. Ana sauke tuta ta riga kowa isa kwanar farko. Ta riƙe gaba har tsakiyar tseren, sannan hannuwanta suka fara mutuwa, baƙin ɗigo ya fara yawo a idonta. Mutum biyu suka wuce ta. Wani kuma ya manne mata, tayarsa tana shafar tata a kowace kwana. Ta tare masa hanya da gwiwar hannu, ta cije leɓe har ta ji gishirin jini, ta ƙetare layi ita ce ta uku.

Aka tura ukun farko cikin wani shinge na igiya, inda ba a yarda kowa ya miƙa wa mahayi komai ba. Ta tura babur kan sikeli, ta hau ta tsaya gefensa. Alƙalin gasar, wani dattijo mai tabarau, ya duba, ya ce ta sauka ta sake hawa. Ta sake. Ya kira na biyunsa ya duba.

"Giram ɗari huɗu ya gaza."

Mas Bowo, daga bayan igiya, ya ɗora hannu biyu a ka. A lokacin ya tuna da ranar da ya auna ta.

"Pak, don Allah," in ji Ratri ga alƙalin. "Kwalbar ruwa ɗaya. In sha a gabanka ka sake aunawa. Ban ci komai ba tun shekaranjiya, wallahi ba cuta muka yi ba."

"Na yarda da ke, Nduk. Amma nauyin da kika yi tsere da shi nake aunawa."

Aka soke sakamakonta. Wanda ta tare wa hanya shi ya hau dandamali ya karɓi kofi.

Pak Hendro bai ɗaga murya ba. Yana tsaye ana loda babur a mota.

"Na ga tuƙinki. Amma mai man injin da ke ɗaukar nauyinmu, wanda sunansa ke jikin babur ɗin nan, ba ya kallon tuƙi, sakamako yake tambaya. Na riga na kira mahayin Madiun." Ya kunna taba. "Akwai tseren miƙe a Ngawi ran Asabar. Gurbinki yana nan, in kin rage kilo ɗaya."

Da rigar fatar tseren a jikinta, jiƙe da gumi, ta shiga bin rumfunan sauran ƙungiyoyi kafin su tattara. A ta farko aka ce mai gida ya tafi. A ta biyu aka roƙe ta hoto, aka ce babu gurbi. A rumfar ƙarshe ta sami wata mata mai furfura, Bu Endang daga Solo, tana naɗe tabarma. Ta saurari Ratri har ta gama.

"Na ga yadda kika shiga kwanar farko. Babur ba ni da shi yanzu. Ki zo bayan Sallah ki hau na gwaji in gani, amma ban yi miki alkawarin komai ba." Ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. "Nawa ne nauyinki?"

Ratri ta dafa sandar rumfar, jirin yunwa na ɗibarta.

"Nawa kike so ya zama, Bu?"

Bu Endang ta ajiye tabarmar, ta jawo mata kujera, ta ce ta fara zama tukuna.