Kafin Wansa Ya Isa

Jegon matar ɗana ne ya kawo ni Dubai, da niyyar in an yi arba'in in koma Kano. Sai aikinta na asibiti ya kira ta, babu wanda za a bar wa jaririya, na zauna. Gidanmu fulat ne a wani dogon bene a Al Rigga. Da safe kowa ya fice, daga ni sai jikata sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Ko na leƙa ta taga, babu mai ɗaga kai ya ce min ina kwana.

Wanda ya rage min wannan shirun wani bawan Allah ne mutumin Damagaram. Aikinsa ɗaurin kaya a shagunan sari na Al Sabkha. Ya naɗe kwali da leda, ya ɗaure tam, ya loda a mota zuwa ofishin kago, na aika kaya ƙasashe, inda ɗana yake aiki a Port Saeed. Can suka saba. Duk Juma'a yakan biyo shi gida cin tuwo, kuma bai taɓa zama bai tsokane ni ba, saboda wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Magana kuwa sai ya fara ta da "bon" ɗin Faransancinsu.

"Bon, Mama, miyar nan ruwa ya yi mata yawa, amma za mu taimaka muku da ita."

"Ci ka yi shiru, bawanmu. A garinku ina kuka ga miya?"

Shi ya karɓi wayata wata rana ya sa min shirin. Shirin tattaunawa ne na wani gidan rediyon gwamnati a gida, ana yin sa da hantsi a can, mu nan azahar ta kusa. Mai gabatarwa ya kawo magana, yau tsadar taki, gobe ruwan famfo, mutane su bugo waya. A shafin gidan rediyon kuma ana ganin shirin kai tsaye, masu rubutu suna zuba sharhi a ƙasa kamar tururuwa. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai da na yaye autana na shiga aji. Ina karantawa, amma a hankali, rubutu kuwa da yatsa ɗaya. Kafin in gama "Allah ya kyauta", an wuce wannan maganar an kama wata. Duk da haka na saba da mutanen wurin. Na san mai faɗa, na san mai wa'azi, na san wata da kullum sai ta gaida kowa da kowa.

Shi kuwa Badamagaren ba ya rubutu, bugowa yake yi a lokacin hutunsa na cin abinci. Akwai wani tela a Kano, shi ma kullum yana kan layi, su biyun suka mai da shirin dandalin wasansu. Telan ya ce, "A gaya wa bawana na Dubai ya aiko min da turare." Shi kuma ya ce, "Wanda bai iya ɗinke aljihu ba, ina zai sa kwalba?" Mai gabatarwa ya yi ta dariya. Amma komai zancen ranar, Badamagaren ba ya ajiye waya sai ya ce, "Inna, na san kina ji. Lafiyata lau."

Na tambaye shi dalili. Ya ce ƙauyensu babu sabis, sai an hau tudu, tsohuwarsa kuma ƙafa ta hana ta hawa. Rediyon dai yana kama tashar daga tsallaken iyaka. Saboda haka kullum da hantsi takan zauna a ƙofar ɗakinta da akwatin a cinya, ita kaɗai, don duk 'yan gidan suna gona. In ta ji shi, ta tashi ta kama harkarta.

Ranar da abin ya faru, cikin tsananin zafin nan ne da ko iska ta buso sai ka ce daga bakin murhu. Ina dama wa jikata koko ɗana ya kira. Muryarsa ta gaya min kafin bakinsa.

"Umma, mutumin naki ya faɗi a bakin shago ɗazu. Mun kai shi asibiti. Allah ya yi masa cikawa."

Na zauna a ƙasan kicin, ludayin yana hannuna.

"Umma, kina ji? Kada ki gaya wa kowa tukuna. Mun samu wansa a Damagaram, ya hau babur zai tafi ƙauyen. Ya ce an yi ruwa, hanya ta ɓaci, sai a hankali."

Ai ko bai faɗa ba na sani. A wurinmu ba a jefa wa uwa mutuwar ɗanta kamar dutse. Babba ne yake zuwa, ya yi sallama, ya zauna, a kira mata biyu su zauna kusa da ita. Ya fara da cewa jikin wane ya motsa. Ya ce ya yi tsanani. Sai ta gama shirya zuciyarta, sannan a ce sai haƙuri. Haka aka yi min da mahaifin yarana, kuma har yau ina gode wa wanda ya yi.

Ina nan zaune na tuna da shirin. Na jawo waya na buɗe shafin. An riga an fara, ana maganar taki. Na duba ƙasa, sai ga hotonsa. Wani da suke kwana ɗaki ɗaya ne ya sa, ya rubuta cewa ɗan'uwanmu mai bugowa daga Dubai ya rasu yanzun nan. A ƙarƙashinsa salati da addu'a suna ta gangarowa, ba na gama karanta ɗaya sai goma sun ture ta.

Tsohuwar ba ta ganin rubutu, wannan na sani. Amma mai gabatarwa yakan karanta sharhi a iska, kuma tana can da akwati a cinya.

Na fara rubutu. Ban taɓa jin haushin yatsana irin na ranar ba. Na rubuta: "Don Allah ku dakata. Mahaifiyarsa tana sauraro. Ba a gaya mata ba. Wansa yana hanya." Na tura, ya nutse cikin addu'o'i. Na sake rubutawa, na sake turawa. Jikata ta farka tana kuka, na goya ta, na ci gaba a tsaye.

Wasu suka gani. Mai gaida kowa ta rubuta, "Ku ji abin da Hajiya ta ce, ku goge." Kaɗan suka goge. Wani ya ce, "Hajiya, mutuwa ai ba abin ɓoyo ba ce, addu'a muke masa." Wani ya ce, "Ke wace ce a wurinsa?" Wani kuma, Allah ya shirye shi, ya ce, "Ko dai ta Dubai ce ba mu sani ba?" har da 'yar fuskar dariya. Ni da na haifi sa'ansa. Daga nan rigima ta koma tsakaninsu, masu cewa a yi shiru da masu cewa ba wanda ya isa ya hana su ta'aziyya, kowa yana jawo hujja. Ana cikin haka masu shigowa sababbi suna tambaya, wa ya rasu, ana ba su amsa.

Na buga lambar shirin, layi a cike. Na sake, a cike.

Sai na ji mai gabatarwa ya ce, "Masu rubuto mana, na ga saƙonninku. Akwai maganar da ba ta iska ba ce tukuna. A yi mana haƙuri, mu tsaya a kan taki." Na ce alhamdulillahi a fili. Na ce wannan ɗan halak ne, ya san gida. Ya daina karanta sharhi gaba ɗaya, ya koma ɗaukar waya. Manomi ya yi magana, dillali ya yi magana. Ina kallon agogon bango ina roƙon Allah ya kai babur ɗin nan.

Shirin ya kusa ƙarewa aka ɗauki telan. Daga baya na ji cewa shi ba ya duba shafin, yana kan keken ɗinki ne wani ya leƙo shagonsa ya gaya masa. Ko sallama bai yi ba. Kuka yake kamar yaro.

"Wai da gaske bawana na Dubai ya rasu? Jiya fa muka..."

Aka katse shi, aka sa kiɗa. Amma ya riga ya kira sunansa, har da na ƙauyensu.

Ban iya jin haushinsa ba, har yau. Duk cikin masu rubutun nan babu wanda ya kai shi son mamacin.

A nan aka yi masa sutura bayan an gama takardu. Mata ba sa zuwa, na zauna a gida. Shafin ya yi kwanaki ana zagin telan, wasu na kare shi, har ya daina bugowa. Sannan aka samu wata maganar aka koma kanta.

Bayan sadakar uku wan ya hau tudu ya kira ɗana, aka sa min a kunne don in yi masa gaisuwa. Ban so in tambaya ba, amma na kasa.

"Malam, yaya ka same ta?"

Ya ce bai isa ba sai bayan la'asar, don sai da ya tura babur a cikin laka. Ya tarar ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma biyu, ta zauna a kan ɗaya. Akwatin rediyon yana kife a gefe. 'Yan gida sun dawo daga gona tun azahar, ba ta ce musu komai ba, ba ta ci abinci ba, ba ta yi kuka ba. Ya yi sallama, ta nuna masa ɗaya tabarmar, ta sa aka kira maƙwabta mata biyu. Ya ce a nan ya gane.

Ta ce masa, "Fara."

Ya ce, "Inna, ai kin riga kin ji."

Ta ce, "Akwati ne ya faɗa, ni kuwa ban haifi akwati ba. Kai ne wansa. Faɗa min yadda ake faɗa."

Ya ce haka ya daure ya fara, "Inna, jikin ƙanena ne ya motsa." Ta ce Allah ya sawwaƙe. Ya ce, "Ya yi tsanani." Ta ce Allah ya kawo sauƙi. Ya ce, "Inna, sai haƙuri."

Sai a lokacin ta jawo mayafi ta rufe fuskarta.